Karatun Dokokin Ilimi a Tsangayar Shari'a: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara Makarantar Horas da Lauyoyi kan tura ɗalibanta ofisoshin lauyoyi domin su ga yadda aikin yake a zahiri, mu ma mukan samu rabonmu. A cikinsu ba a rasa ɗaya ko biyu da za su tsaya bayan an tashi, su ce: "Barista, ni fa harkar ilimi ce a raina, ta ina zan kama?" Yawanci 'ya'yan malaman makaranta ne, ko waɗanda suka taɓa riƙe alli da hannunsu kafin su shigo shari'a. Tambayoyin nan nasu ne, da na ƙannensu da ke jami'a. Na amsa su a kan Najeriya, domin a kotunanta nake tsayawa.

Wai me ake nufi da dokokin ilimi? Akwai kundi guda da ya tattara su?

Babu. A warwatse suke, kuma abin da ya sa fannin ke yi wa ɗalibi wuyar kamawa ke nan. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara shida da uwarta ta riƙo hannunta zuwa firamare. Shigarta aji kyauta yana ƙarƙashin Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004. Malamar da za ta koyar da ita ya kamata ta yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda doka ta kafa a 1993. Idan gurguwa ce ko makauniya, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shigo. Ranar da ta girma ta nemi jami'a, JAMB ce a gabanta, hukumar da aka kafa a 1978. Idan aka zarge ta da satar jarrabawa akwai dokar 1999, idan ta nemi rancen karatu akwai dokar 2024 da asusun NELFUND ke aiki da ita. A saman duka akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999, a ƙasa kuma akwai dokokin jiharta. Wanda ya iya bin yarinyar nan daga aji ɗaya har ranar karɓar shaidarta, yana faɗin dokar da ke aiki a kowane mataki, shi ne ya san fannin.

Ana koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa?

Ba ya cikin darussan dole na digirin shari'a. Shekara biyar ɗin nan cike suke da tsarin mulki, kwangila, laifuka, filaye, shaida, kamfanoni da sauransu, shekarar Makarantar Lauyoyi kuwa, ko a Bwari kake ko a Bagauda ko Yola, ta koyon yadda ake gudanar da shari'a ce. Don haka da kanka za ka tsinto fannin daga cikin darussan da ake ba ka. Ka riƙe darasin tsarin mulki da hannu biyu. Idan dokar gudanar da mulki zaɓi ce a tsangayarku, ka zaɓe ta, domin rabin rikicin makarantu can yake komawa: wa ya ba wannan jami'i ikon yin abin da ya yi, kuma ya bi ƙa'ida? Sai dokar ƙwadago, da haƙƙin ɗan Adam, da dokar iyali.

Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A ganina tsangayoyin shari'a na Arewa sun fi kowa hujjar sa dokokin ilimi a wannan gurbi.

Mene ne bambancin doka da manufa? Ni dai ji nake ana haɗa su.

Idan wannan kaɗai ka fahimta a shafin nan, ka ci riba.

Doka ita ce wadda majalisa ta zartar aka sa mata hannu, kuma alƙali zai iya tilasta bin ta. Manufa kuwa hanya ce da gwamnati ta zaɓa ta bi, kuma wanda ya shimfiɗa ta ko magajinsa zai iya naɗe ta ba tare da ya je majalisa ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fara fitowa a 1977, bayan babban taron manhaja na 1969, an yi ta sabunta ta har zuwa bugun 2013. Malamai na ambatonta kamar nassi, amma ba za ka ɗauke ta ita kaɗai ka je kotu ka ce a hukunta wani ba.

Dubi abin da ya faru da shekarun shiga jami'a. A 2024 Ministan Ilimi Tahir Mamman ya ce shekara 18 ce mafi ƙaranci. Iyaye suka shiga damuwa, musamman waɗanda 'ya'yansu suka gama sakandare da wuri. Kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. Majalisa ba ta zartar da doka a kan ko ɗaya ba. Haka batun koyarwa da harshen uwa: an amince da shi don firamare a ƙarshen 2022, aka soke shi a Nuwamban 2025. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin na ga yadda fuskar yaro ke washewa idan aka yi masa bayanin lissafi da Hausa. Amma darasin lauya a nan shi ne abin da ba a ɗaure shi da doka ba, yana tafiya ne da mai kujera.

Saboda haka duk takardar da aka miƙo maka, ka fara tambayar asalinta. Dokar majalisa ce? Ƙa'ida ce da wata doka ta ba hukuma ikon fitarwa? Ko takardar umarni ce kawai daga ma'aikata? Shugaban makaranta yakan ji tsoron takardar umarni fiye da doka, domin ita ce ke zuwa teburinsa da hatimi. Aikinka ne ka nuna masa wadda ta fi wata ƙarfi.

To ilimi haƙƙi ne a Najeriya, ko alkawari ne kawai?

Sashe na 18 na Tsarin Mulki ya ce gwamnati za ta yi ƙoƙarin kawar da jahilci, ta ba da ilimin firamare kyauta kuma dole, da na sakandare, da na jami'a, da na manya, amma ya ɗaura sharaɗin "idan hali ya yi". Sashen yana Babi na 2, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna hurumin bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke wannan babi. Ɗalibai da yawa a nan suke rufe littafi, su ce shi ke nan, babu haƙƙi. Gaggawa ce.

An buɗe ƙofofi biyu. Ta farko Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983, kuma sashe na 17 nata ya ce kowa na da haƙƙin ilimi. Da ita ƙungiyar SERAP ta kai gwamnatin tarayya da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, Kotun ECOWAS. Gwamnati ta ce ai Babi na 2 ne, kotu ba ta da hurumi. A 2009 kotun ta ƙi wannan hujja, a Nuwamban 2010 kuma ta yanke hukunci tana mai tabbatar da haƙƙin. Ƙofa ta biyu ita ce dokar 2004 kanta. A Maris ɗin 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar, ya ce tunda Majalisar Tarayya ta zuba alkawarin nan cikin doka, ilimin firamare da ƙaramar sakandare ya zama haƙƙin da za a iya nema a kotu.

Ka karanta hukuncin biyu, sannan ka tambayi kanka abin da ya fi wuya: bayan hukuncin, aji nawa aka gina? Takardar hukunci ba ta rufe ɗakin da iska ta yaye wa kwano. Lauyan da ke son fannin nan dole ya koyi roƙon kotu abin da za a iya aunawa, kamar makaranta kaza, malamai kaza, cikin wata kaza, maimakon neman a ayyana haƙƙi kawai a watse.

Wa ke da alhakin makarantun, tarayya ko jiha?

Dukansu, kowa da iyakarsa. Tsayar da mafi ƙarancin ma'aunin inganci a kowane mataki na tarayya ne ita kaɗai. Jami'o'i da manyan makarantu na cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai. Firamare kuwa nauyin jiha ne tare da ƙananan hukumomi. Shi ya sa dokar 2004 ta faɗa tun a sashenta na farko cewa abin da tarayya ke yi taimako ne ga jihohi.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya don ilimin bai-ɗaya, amma jiha ba za ta karɓi kasonta na ayyuka ba sai ta ajiye nata rabin. Shekara da shekaru ana samun jihohin da ba su ajiye ba, kuɗin na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa. Duk mai son wannan fanni ya koyi karanta kasafin kuɗi kamar yadda yake karanta hukunci. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 makami ce a nan, ka koyi rubuta wasiƙar neman bayani tun kana ɗalibi.

Da gaske ne za a iya ɗaure uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta?

Haka dokar 2004 ta ce. Karon farko tsawatarwa, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Wanda kuma ya karɓi kuɗi a kan abin da dokar ta ce kyauta ne, tararsa na iya kai naira 10,000 ko wata uku. Yau waɗannan kuɗaɗe ba su kai na buhun shinkafa ba, wanda ya nuna dokar na neman gyara.

Ni dai ba na ganin ɗaure iyaye zai cika aji. Uban da makarantar ƙauyensu malami ɗaya ne ke riƙe da aji shida yana da amsar da zai ba alƙali, kuma amsar tana da nauyi. Wajibcin da ke kan gwamnati ya riga wanda ke kan uba zuwa a cikin dokar, kuma ina ganin haka ya kamata a bi shi.

Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne dokar ta ambaci almajirai da sunansu, tare da 'ya'yan makiyaya da 'ya'ya mata. Hukumar ilimin makiyaya da ke Kaduna tun 1989 take, ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta kuwa a Mayun 2023 aka sa wa dokarta hannu. Matsayin tsangayar almajirai a idon doka, da haƙƙin alaramma, da nauyin uban da ya kai ɗansa wani gari, fili ne da ke jiran lauyoyin da suka san tsangayar daga ciki, waɗanda ba za su shiga da raini ba.

Waɗanne shari'o'i ne ba zai yiwu in tsallake ba?

Fara da shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, hukuncin Kotun Ƙoli na 1986. An yi tarzomar ɗalibai a 1983, aka ƙona dukiya, jami'a ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugabanta, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, aka kori ɗalibai. Kotun Ƙoli ta soke korar. Mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki, kuma zargin aikata babban laifi kotu ce ke da hurumin tabbatar da shi. Har yau duk kwamitin ladabtarwa da ke da lauya mai hankali yana zama ne da wannan hukunci a gabansa.

Sai Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, a kan ma'aikacin da doka ta tsara yadda za a sallame shi. Sai ƙarar da Akbishop Okogie ya kai gwamnatin Legas, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 1981 lokacin da gwamnatin Jakande ta so rufe makarantun firamare masu zaman kansu. Ka kuma bi yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, da umarnin komawa aiki da Kotun Ma'aikata ta bayar a Satumba, da muhawarar "ba aiki, ba albashi".

Amma bari in ba ka abin da ba ya cikin rahoton shari'a. Wani dattijo ya taɓa zuwa ofishinmu da ɗansa da wata babbar makaranta ta kora. Ya zaro takardar korar daga aljihun babbar rigarsa, an ninke ta huɗu har ta fara yagewa a kan ninkin. Yaron bai taɓa ganin zargin a rubuce ba, an kira shi gaban kwamiti da safe, aka sallame shi kafin azahar. Shari'a ce mai kyau. Na duba kwanan watan da ke kan takardar, na ƙirga da yatsu, wata biyar. Uban ya shafe su yana bin manya ana ce masa ya yi haƙuri za a duba. Dokar kare jami'an gwamnati wata uku ta ba mai ƙara, kuma lauyan makarantar da ita zai fara buɗe baki. Na daɗe ina kallon takardar kafin in iya yi masa bayani. Tun daga ranar, abin da nake fara koya wa ɗalibi shi ne ya duba kwanan wata kafin ya duba hujja, ya kuma san kotun da ke da hurumi, domin makarantar tarayya da ta jiha ba ƙofa ɗaya ake shiga da su ba.

Batun hijabi da addini a makarantu fa?

Sashe na 38 ne tushensa. Ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa, ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. A shari'ar hijabi ta makarantun gwamnatin Legas, Babbar Kotu ta goyi bayan haramcin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa hijabin a Yunin 2022 da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu. Ka karanta har da ra'ayin biyun da suka saɓa. Kuma ka riƙe cewa sashen da ya kare ɗiyarmu a Legas shi ne ke kare ɗalibin Kirista a makarantar gwamnati a Kano ko Gusau.

Ina ɓangaren Shari'ar Musulunci. Fannin ya shafe ni?

Sosai. Nauyin ciyarwa da tarbiyya, da wanda ke riƙon yaro bayan rabuwar aure, da wanda zai biya kuɗin makaranta, kullum suna gaban kotunan Shari'a. Waƙafi kuma hanya ce ta ɗaukar nauyin makarantu da ba a ci rabin amfaninta ba, kuma tana buƙatar lauyan da zai rubuta takardarta yadda magada ba za su warware ta ba. Karatun shari'a na zamani a Arewa ma ta nan ya faro: makarantar horas da alƙalai da aka buɗe a Kano a 1934, da malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

Sai na haɗa da digirin ilimi?

Ba dole ba ne. Amma ka ratsa tsangayar ilimi, ka nemi malaman sashen gudanarwa da tsare-tsare, suna koyar da ɓangaren doka na tafiyar da makaranta kuma sun san abin da lauyoyi ba su sani ba. Idan bautar ƙasa ta kai ka aji, kada ka nemi a canja maka.

Wane maudu'i zan ɗauka a kundin kammalawa?

Ka guji "Haƙƙin Ilimi a Najeriya". An rubuta shi har ya gaji, kuma girmansa ya fi ƙarfin kundi ɗaya. Ka ƙuntata. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 15, ta ce yarinyar da ta samu ciki kafin ta gama karatu a ba ta damar komawa bayan ta haihu. Dokar kare yara ta jiharku ta ɗauko wannan ko ta bar shi? Ɗaliba za ta fi samun bakin zaren wannan bincike, domin za a buɗe mata ƙofofin da ba za a buɗe wa namiji ba. Ko ka ɗauki dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 na aiki, ka bi yadda jiharku ta yi da ita. Ko kuɗin da ake karɓa da sunan ƙungiyar iyaye da malamai a makarantar da doka ta ce kyauta ce. Ko alhakin makarantar kwana idan aka sace ɗalibai ko wani ya rasu a hannunta, wanda tun Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020 ya zama tambayar da iyaye ke yi da hawaye.

Akwai abinci a cikinsa?

Gaskiya ba kamar harkar filaye ko kamfanoni ba, kuma kaɗan ne ke rayuwa a kansa shi kaɗai. Amma kowace jami'a da kwaleji na da sashen shari'a, haka UBEC, NUC, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, suna buƙatar rajista, da kwangilar malamai, da ƙa'idar ladabtarwa da ba za ta kai su kotu ba. Kwamitocin ilimi na majalisu na neman masu iya rubuta ƙudiri, kuma wannan fasaha ce da masu ita ba su da yawa. Ga ƙungiyoyin malamai da masu ba da tallafi. Yawancinmu muna haɗa shi ne da sauran aikin lauya.

Idan ina son zurfafawa bayan digiri fa?

Ka yi digiri na biyu a tsarin mulki ko haƙƙin ɗan Adam, ka sa bincikenka a kan ilimi. Idan rubuta doka ne ya ja ka, duba cibiyar zurfafa nazarin shari'a ta NIALS ko cibiyar nazarin aikin majalisa ta NILDS. A Amurka fannin ya daɗe da tsayawa da ƙafarsa, har wasu jami'o'i na haɗa digirin shari'a da na ilimi, kuma ana fara shi da hukuncin Brown na 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da farare. Sai dai Indiya ta fi kama da mu. Su ma ilimi na cikin babin da kotu ba ta tilastawa, Kotun Ƙolinsu ta buɗe hanya a 1993, suka gyara tsarin mulki a 2002, suka yi dokar aiwatarwa a 2009 don yara 'yan shekara 6 zuwa 14. Wanda zai kwatanta mu da wata ƙasa, can ya fara dubawa.

Ina aji biyu yanzu. Me zan yi a hutun nan?

Ka buga dokar 2004 a takarda, gajera ce, za ka gama ta a zama ɗaya. Ka nemi dokar ilimin bai-ɗaya ta jiharku a ma'aikatar shari'a ko ɗakin karatun majalisa. Sannan ka je firamaren da ka yi, ka gaida hedimasta, ka roƙe shi ya nuna maka rajistar ɗalibai da fayil ɗin takardun umarni da ake aiko masa daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ka ƙirga yaran aji ɗaya, ka ƙirga na aji shida, ka ƙirga malamai. Ka rubuta a shafi biyu inda abin da ka gani ya dace da dokar da inda ya saɓa, da lambar sashe a gefen kowane, ka kai wa malaminka na tsarin mulki idan an koma.